Ƙaramar bas mai ɗaki ko babbar motar gida?

Malam, tsakanin bas ɗin da aka gyara cikinta ta koma ɗaki da waccan zabgegiyar motar gida da ka saka hotonta, tunda zama za ku yi a ciki kai da madam kuna zaga Turai har ku leƙa Maroko, bas ɗin kawai za ka ɗauka.

Tawa Fiat Ducato ce, tsawonta bai cika mita 6 ba, kuma gaskiya bata taɓa bani kunya ba. Akwai wani ƙauye a kan tsauni a Italiya da hanya ta matse har wata babbar mota ta goge min madubin gefe ya tarwatse, na ce shikenan yau sai kwana a nan, ashe makanikin garin yana da na Peugeot Boxer a ajiye, ya ɗaura ya zauna daram, kafin la'asar mun kama hanya. Dalili kuwa Ducato da Boxer da Citroën Jumper jikinsu kusan ɗaya ne, kayan jikin suna shiga juna, duk lungun da ka faɗa akwai wanda ya san motar. Ga fakin, inda ƙananan motoci suke tsayawa nan nake cusa ta in tafi harkata, ba mai kallona.

Amma babban abin shi ne nauyi, nan mutane suke faɗawa rami. Lasisin tuƙi na rukunin B, wato na ƙananan motoci, iyakarsa kilo 3,500, kuma wannan har da ku da kayanku da ruwa da mai, in ya haura sai lasisin rukunin C1 na motocin da suka fi nauyi. Manyan nan da yawa tun babu komai a ciki sun kusa cinye nauyin, ka cika tankin ruwa na lita 100 kilo 100 ya hau, ka ƙara tukunyar gas da batir da sola da kekuna, ka wuce ƙa'ida baka sani ba sai ranar da aka ɗora ka a sikeli a bakin hanya. In kuma rajistarta ta wuce tan 3.5, a Ostiriya sitikar kuɗin hanya bata yi maka, sai ka ɗauki na'urar biyan kuɗin hanya da ake kira GO-Box ana cajinka kan kowace kilomita kamar mai tirela. Jirgin ruwa ma da tsawo yake caji, in za ku tsallaka daga Algeciras a Sifen zuwa tashar Tanger Med a Maroko za ka gane bambancin. Kuma fita irin wannan dole ce, don baƙo mai ɗan zama kwana 90 kawai yake da shi a cikin 180 a yankin Schengen, wato ƙasashen Turai da suka buɗe wa juna iyakoki.

Ita babbar, eh tana da banɗaki na gaske da gadon da ba sai an naɗe ba kullum. In da yara ne ko wata uku za ku yi a waje ɗaya ba motsi, to ba laifi.

Baka tambaya ba amma ka yi hattara da dillalai, musamman a kan manyan. Danshi ne ciwonsu, ruwa yana bi ta gefen taga da rufi katakon ciki ya ruɓe, sai a fesa turare a liƙa sabuwar takarda a bango a ce maka tsohuwa ce mai ita bata fita da ita. Ka danna bangon da yatsa kusa da taga da cikin kabad, in ya lotsa juya ka tafi, in da hali ka je da na'urar auna danshi. Ka sa a hau sikeli da ita a gabanka, kar ka yarda da nauyin da ke takarda. Wanda kuma ya ce yana wata ƙasa ka tura kafin alƙalami zai aiko maka mota, ɗan damfara ne, toshe shi.

Nemi bas ƙasa da mita 6 mai inji Euro 6, wato wanda ya cika ƙa'idar hayaƙi ta Turai, saboda biranen da suke hana tsofaffin dizal shiga, kamar masu sitikar matakin hayaƙi ta Crit'Air a Faransa. Ka sa hita mai aiki da dizal, gas kuma ka ɗaura tukunyar da ake cikawa a gidan mai ka sayi kawunan haɗawa, don tukunyar Jamus ba za a musanya maka ita a Sifen ba.