Yoyon man giya a tsohuwar Camry ɗina: gyaran da aka yi min a Ƙofar Ruwa

Motata Toyota Camry ce ƙirar 2003, wadda ake ce wa Big Daddy, giyarta otomatik. Wata safiya na ja ta baya daga inda take kwana, sai na ga jan mai a kan siminti, ta gaba, daidai ƙasan lagireto. Gabana ya faɗi, don baƙin mai ba ja ba ne, wannan man giya ne. Wani yaro a unguwarmu ya ɗaura mata guntun tiyo, amma ko sati bai yi ba. A cunkoson Kurna na taka totur, injin ya yi ƙara, motar kuwa sai da ta yi jim kafin ta ɗauka.

Washegari na kai ta wurin wani dattijon bakanike a Ƙofar Ruwa, cikin Kano. Ya hau da ita kan rami, ya sa aka goge ƙasan tas, aka tayar da injin, sannan ya kira ni na sauko da kaina. Da tocila ya nuna min: bututu biyu ne, ɗaya yana kai man daga giyabos zuwa ƙasan lagireto ya huce, ɗayan yana dawo da shi. Tsatsa ta cinye ƙarfen daidai inda maƙalinsa ya riƙe shi, man yana tsattsafowa kamar gumi. Tiyon yaron nan kuma ya kumbura, ya yi laushi. Ya matsa shi da yatsa ya ce, "Alhaji, wannan na ruwa ne, ba ya jure man giya."

Ya yanke ruɓaɓɓen wurin, ya ɗan buɗa bakin ƙarfen don kada tiyo ya zame, ya sa tiyon da aka yi don man giya, kowane gefe kilif biyu. Abin da ya fi kwantar min da hankali shi ne batun mai. Ya ƙi zuba na awo da ake sayarwa a bakin hanya, ya ce sai man giya samfurin T-IV, kamar yadda Toyota ta tanada wa motar. Bai auna ba sai da injin ya yi zafi, ya zagaya da giyar kowane mataki, ya mayar P, wato fakin, injin yana aiki. Kuɗin man ma ya fi ladan aikinsa.

Ƙorafina ɗaya: tun hantsi nake wurin, ba a sallame ni ba sai bayan la'asar, saboda motoci uku yake haɗawa lokaci guda.

Yau wata uku ke nan. Na je Katsina na dawo cikin zafin bazara, giya tana shiga lafiya lau. Har yanzu ina shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta da dare, da safe in ɗauke shi a bushe.