Sharhi kan wani shagon ƙera samfura a Kano: aikin fitila da fenti a jikin kumbon Star Destroyer

Mai sha'awar haɗa ƙananan samfuran kumbunan sama jannati irin na finafinan ƙagaggun labaran kimiyya, idan a Kano yake zaune, samun kwalin kayan ba zai ba shi wuya sosai ba, domin ana iya yin odarsa ta intanet ko a ba wani mai dawowa daga Dubai sallahu. Inda gizo ke saƙar shi ne sanya fitilu da yin fenti, kuma a wannan gaɓa ce samfura da yawa suke tsayawa, su ƙare a saman kabad rabi a haɗe rabi a cikin kwali. Wannan sharhi a kan wani ƙaramin shago ne da ke wani layi a gefen titin Gidan Zoo, wanda asalin sana'arsa ƙera samfuran gidaje da rukunin shaguna ce ga masu zanen gine-gine da ɗalibansu, amma ya karɓi aikin kumbon da na kai masa. Mutum biyu ne a shagon: maigidan, wanda shi ke yanka da haɗi da fenti, da yaronsa, wanda ya koyi gyaran waya a kasuwar Farm Centre, shi kuma ke riƙe da duk abin da ya shafi lantarki.

Abin da na kai musu shi ne kumbon Star Destroyer na finafinan Star Wars, a ma'aunin 1 bisa 2700, wanda kamfanin Zvezda na Rasha ya ƙera, kamfanin Revell na Jamus kuma yake sayar da irinsa a cikin kwalinsa. A labarin, tsawon kumbon mita 1,600 ne, saboda haka samfurin yana kai wa kusan santimita 60 idan an gama haɗa shi, kuma gutsattsarinsa ɗari ne da 'yan kai. Siffarsa ta kan mashi ce, da hasumiyar matuƙa a baya mai ƙwallaye biyu a kanta, da manyan injina uku da ƙanana huɗu, da wani kwari mai cike da ƙananan sassa da ya bi gefensa na dama da na hagu. Kayan ba su zuwa da tagogi a huje, kuma ba su zuwa da fitila. Wannan ba aibi ba ne, haka tsarinsu yake, amma kumbo irin wannan ba ya nuna girmansa sai da ɗaruruwan ƙananan ɗigon haske. Masu shirya fim ɗin ma sun san haka, domin samfurin da kamfanin Industrial Light & Magic ya yi amfani da shi a fim ɗin 1977 kusan ƙafa 3 ne, amma da za a yi na 1980 sai suka gina wani mai kusan ƙafa 8, suka cika shi da zaren haske, wato siririn zare mai ɗaukar haske daga fitila zuwa ɗaya bakinsa.

Abin da ya fara gamsar da ni shi ne maigidan ya yi lissafin ma'auni kafin ya ɗauki abin huda. A ma'aunin 1 bisa 2700, mutum mai tsawon mita 1.7 kusan kashi shida cikin goma na milimita ne kawai, don haka huda mai faɗin milimita 1 tana nufin taga mai mita 2.7, wadda ta fi ƙofar gida tsawo. Ya zaɓi zaren haske mai kaurin milimita 0.25 ga yawancin tagogi, da bakin huda na milimita 0.3, ya ajiye zare mai milimita 0.5 ga 'yan wurare a hasumiya da bakin rumfar jirage da ke ƙarƙashin kumbon. Da hannu ya yi hudar, yana murza ɗan maƙalin baki tsakanin yatsu, saboda injin huda yana ɗumama roba ta narke ta toshe ramin, kuma bakin da ya kai wannan siranta yana karyewa da ƙaramar karkata. Ya kuma guji jera tagogin a layi ɗaya mai tazara daidai. Ya tara su gungu-gungu, wuri ya cika wuri ya yi duhu, kuma wannan ne ke sa mai kallo ya ji kamar akwai benaye da mutane a ciki.

Aikin da ya fi kowane ɗaukar hankalina ba a ganinsa daga waje, wato toshe yoyon haske. Robar samfuri siririya ce, kuma idan aka kunna ƙwan LED a cikinta ba tare da an shirya ta ba, jikin kumbon gaba ɗaya zai yi ƙyalli kamar fitilar aci-bal-bal a bayan labule, tagogin da aka sha wahalar hudawa kuma su ɓace a cikin wannan ƙyallin. Sun fara shafa baƙin fenti a cikin bango, suka bari ya bushe, suka maimaita, sannan suka bi da fari a kansa domin hasken da ya rage ya riƙa komawa ciki. A wuraren da bango biyu suka haɗu sun liƙa siririn salatif na alminiyam. Na ga yadda suke gwaji: yaron ya ja ƙofar shagon, ya rufe taga da kwali, ya tura tocilar waya cikin rabin jikin kumbon, maigidan kuma yana juya shi a hankali yana sa alama da fensir a duk inda ɗan ja ya ɓullo ta cikin roba. A kusurwoyin hasumiya da bakin injina ne yoyon ya fi yawa, kuma ba su rufe jikin ba sai da alamun fensir suka ƙare.

Wajen ɗaure zaren ma sun nuna sanin kayan aiki. Zaren hasken da ake sa wa samfura na roba ne, kuma gam mai saurin kamawa da ake sayarwa a kowane kanti yana sa shi ya yi gautsi ya karye, gam na bindiga mai zafi kuma yana iya lanƙwasa siririn zare nan take, sannan ya saki idan ɗaki ya ɗauki zafi. Farin gam na kafintoci suka yi amfani da shi, wanda yake jinkirin bushewa amma ba ya cin zare. Sun tattara zaren dami-dami, suka tura kowane dami cikin ɗan bututu tare da ƙwai ɗaya, suka kuma bar kan kowane zare ya leƙo waje kaɗan, domin a yi fenti a kansa sannan a datse shi daidai da bango, sabon yankan ya fito tsaf babu fenti a fuskarsa.

Game da ƙarfin haske, a nan ne ra'ayin mutanen biyu ya bambanta, kuma na ji daɗin yadda aka warware shi. Maigidan ya saba da samfurin gini, wanda ake so ya haskaka ɗakin taro, don haka ya so a bar fitilun da cikakken ƙarfinsu. Farin ƙwan LED yana buƙatar kusan bolt 3, kuma idan za a ba shi wuta daga bolt 5 na cajar waya, razista (ɗan abin da ke rage ƙarfin wuta) mai om 100 za ta bar masa kusan miliamfa 20, wanda shi ne iyakar da aka saba ba irin waɗannan ƙwayaye. Yaron ya haɗa biyu a kan teburi, ɗaya da om 100 ɗaya da om 470, ya ce, "Maigida, ka duba da kanka, wannan na farko taga ce ko fitilar mota?" Maigidan ya duba, ya juyo gare ni ya ce, "Malam, kayanka ne, amma yaron nan yana da gaskiya." Aka bar tagogi a dushe da fari mai ɗan ɗumi, aka ba injina fari mai ratsin shuɗi da ƙarfin da ya fi na tagogi, aka sa farar roba mai hazo a bayan kowane injin domin kada a ga ƙwan da kansa. A ganina wannan shawara ita ce ta raba aikin da abin wasan yara, domin haske mai ƙarfi yana ƙanƙanta samfuri, mai laushi kuma yana nisanta shi daga ido. Rage wutar yana da wata fa'idar kuma, wato ƙwan da ba a matsa masa ba yana daɗewa kuma ba ya zafi, abin da ke da muhimmanci a garin da zafin watan Afrilu ke haura digiri 40.

Hannun mai gyaran waya ya fito sosai a cikin hasumiya, inda babu wurin ƙwai na yau da kullum. Ya yi amfani da ƙananan ƙwayayen da ake liƙawa a allon waya, masu tsawon milimita 1, ya liƙe su da dalma a ƙarƙashin madubin ƙara girma da siririyar wayar tagulla irin ta gyaran layin da ya tsinke. Kowane ƙwai da razistarsa, don haka mutuwar ɗaya ba ta shafar sauran. Ya kuma bar rufin sama na kumbon a kan ƙananan maganaɗisu maimakon gam, ta yadda za a iya ɗaga shi a yi gyara. Wayar wuta ta bi ta cikin sandar da ke ɗauke da kumbon ta fito a gindin katako da bakin USB. Abu ɗaya da ya kamata a ce sun faɗa tun farko shi ne cewa fawabank da yawa suna kashe kansu idan wutar da ake ja ta yi kaɗan, saboda suna ɗauka an gama caji, kuma da aka kunna tagogi kaɗai ba tare da injina ba hakan ya riƙa faruwa. Da kan caja na bango babu wannan matsala, amma wanda yake son ya kunna kumbonsa lokacin da aka ɗauke wuta sai ya nemi fawabank mai yanayin ƙaramar wuta, ko ya nemi a sa masa gidan batir.

Fenti ne raunin shagon, kuma dalilin a bayyane yake. Samfurin gini ana so ya fito fes, launi ɗaya mai santsi, kuma hannun maigidan ya saba da haka. Bindigar feshinsa babba ce ga aikin da sassansa ba su kai ƙwayar gero ba, kuma shafin farko ya yi kauri har ya fara cike siraran layukan da ke raba faranti da faranti a saman kumbon. An kuma yi feshin ne a lokacin hunturu, iska a bushe ƙamas, fentin yana bushewa kafin ya isa jikin roba, shi ya sa gefe ɗaya ya fito da kaushi, ga ƙurar da ta zauna a kansa. Ya gyara da samfefa mai laushi ba tare da gardama ba, ya sake feshi da sassafe bayan ya yayyafa ruwa a ƙasan shagon, kuma sakamakon ya inganta. Duk da haka, launin toka ɗaya ne daga kai har wutsiya. Kumbon da aka ce tsawonsa ya haura kilomita ɗaya da rabi yana buƙatar faranti su ɗan bambanta da juna, wannan ya fi haske kaɗan wancan ya fi duhu, sannan a tsiyaya tsinkakken baƙin fenti a cikin layuka da kwarin gefe domin inuwa ta zauna, a rufe da shafi marar ƙyalli. Wannan mataki na ƙarshe ni na yi shi a gida, kafin a datse zaren.

Dole in yaba masa a kan abu ɗaya a wannan ɓangare: ya ƙi yarda a kusanto da fentin mota da tinarsa, ko da yake sun fi sauƙin samu a Ƙofar Ruwa, domin tina mai ƙarfi tana cin irin wannan roba ta yamutsa fuskarta. Fentin akirilik mai narkewa da ruwa ya yi amfani da shi, bayan ya gwada shi a kan ragowar sandunan da gutsattsarin ke zuwa a maƙale da su.

Kuɗin aikin bai kai kuɗin kayan da na jigilarsu ba, kuma idan aka dubi yawan hudar da aka yi da hannu, ban ga tsada a ciki ba. Lokaci ne ba su cika alkawarinsa ba, saboda aikin ya faɗo a daidai sa'ad da ɗaliban zanen gini ke kawo ayyukansu na ƙarshen zango, kuma su ne abokan cinikin da shagon ya dogara da su, don haka kumbon ya koma gefe har suka watse. Wanda zai kai musu irin wannan aiki ya tambayi lokacin da shagon ba ya cike, ya kuma zo da zaren haskensa da bakunan huda masu yawa, domin ƙwayaye da razista da waya ana samunsu a Sabon Gari da titin Beirut, amma zare mai milimita 0.25 su ma sai sun yi oda. Ya tafi da hotunan kumbon daga sama da gefe da baya, tunda mutanen shagon ba masu bin waɗannan finafinai ba ne. Haɗi da huda da lantarki a bar musu baki ɗaya. Fenti kuwa, ko dai mutum ya tsaya a kansa lokacin da ake yi, ko ya karɓi kumbon da zarensa a leƙe bayan shafin farko ya ƙarasa da kansa.