Simintin da aka zuba wa Inna a ƙashin baya

Da likita ya ce siminti za a zuba mata, Inna ta juyo ta harare ni: "Wato bulo ka kawo ni Legas a mayar da ni?"

Ba faɗuwa ta yi ba. Sunkuyawa ta yi za ta ɗauki buta a gidanmu na Agege, sai ta ji ƙas a baya. Sati uku salla a kwance. Mun fara da mai ɗori kamar kowa, amma gadon baya ba hannu ba ne da za a ɗaure da kara. Hoton MRI ne ya nuna gaɓa ɗaya ta lotse, domin ƙashin ya zaizaye ta ciki, abin da ke yawan samun mata bayan ɗaukewar al'ada.

Aikin bai kai awa guda ba. Ta kwanta ruf da ciki, aka kashe mata wurin, ba a yanka ta ba. Doguwar allura aka tura har cikin gaɓar ana kallon ta a hoton eksire, aka ɗura simintin, mai kaurin man goge baki, ya daskare cikin mintoci. Ba irin na magina ba ne, wani nau'in roba ne da ake kira PMMA, kuma a garin Amiens na Faransa aka fara wannan aiki a 1984. Washegari da ƙafarta ta shiga banɗaki. Na kasa magana.

Abin da ya burge ni, likitan bai yi mana romon baka ba. Ya ce simintin kan iya tsiyaya ya taɓa jijiya. Ya ce wasu bincike biyu na 2009 ba su ga ya fi allurar gwaji da ba siminti a cikinta ba, amma wani da aka yi a Ostareliya a 2016 ya nuna amfaninsa idan karayar ba ta wuce sati shida ba. Ashe da mun ƙara zama wajen mai ɗori, da mun makara.

Kuɗi kam mun ji a jika, kuma ba a faɗa mana jimilla tun farko ba: hoto daban, siminti daban, gado daban. Wannan ya ɓata min rai.

Sannan gaɓa ɗaya aka gyara, sauran suna nan da rauninsu. Yanzu tana shan kalsiyam da bitamin D, da ƙwayar alendronate mai rage zaizayar ƙashi sau ɗaya a mako, wadda sai ta zauna a miƙe rabin awa kafin ta karya. A kan wannan rabin awar muke rigima duk Juma'a, ga kokonta yana hucewa.