Maikiroskof na ɗalibai da akwatin gilasan tsirrai: ya cancanci kuɗinsa?

Ina koyar da ilimin halittu da yamma a unguwar Aboabo da ke Kumasi, kuma yawancin yarana masu shirin jarrabawar WASSCE ne. Babin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne na cikin jikin tsiro. Sai in zana da'ira a allo, in ce ga zailem, hanyar ruwa, ga fulowem, hanyar abinci, yara su kwafa su haddace, ranar gwaji su sa wannan a gurbin wancan. Da zangon da ya wuce ya kama sai na shiga Adum na sayi ƙaramin maikiroskof na ɗalibai, haɗe da akwatin gilasai 25 masu ɗauke da yankan tsirrai da aka rina aka manne. Malamai da iyaye a Zango suna ta tambayata ko su ma su saya, shi ya sa na rubuta wannan.

A jikin kwalin an rubuta cewa yana ƙara girman abu har sau 1,200. Kada wannan lamba ta ruɗe ku. Abin da ke aiki tsakani da Allah shi ne sau 40, sau 100 da sau 400, in ka wuce nan hazo kawai za ka gani. Ko a sau 400 ɗin sai da haƙuri, domin maɓallin daidaita gani guda ɗaya ne, da ka ɗan taɓa shi hoton ya gudu. Sa'ar da aka yi, aikin tsirrai kusan duk a sau 100 ake yinsa, kuma a nan hoton tar yake. Fitilarsa da batir take aiki, ranar da aka ɗauke wuta darasinmu bai tsaya ba.

Gilasai biyu kaɗai sun isa su biya kuɗin akwatin a wurina: karan masara da karan furen rana. An rina su da ja da kore. Jan yana kama bangon ƙwayoyin halittar da suka yi tauri, wato zailem mai hawo da ruwa daga saiwa da zaruruwan da ke ƙarfafa kara, koren kuma yana zama a kan masu laushin bango. A furen rana damman jijiyoyin sun jeru sun yi zobe kusa da fata, zailem na duban ciki, fulowem na duban waje, tsakiyar karan cike da manyan ƙwayoyi marasa kauri. A masara kuwa damman sun watsu ko'ina, sun fi cunkushewa ta bakin fata, kuma kowanne yana da manyan bututu biyu da suka sa yaran suka ce fuska ce ke kallonsu da idanu biyu. Tun ranar ba wanda ya sake rikita tsiron da ke fitowa daga iri da ganye ɗaya, irin masara, da mai fitowa da biyu, irin furen rana.

Abin da na fi daɗewa a kansa shi ne wani siririn layi na ƙwayoyi falale tsakanin zailem da fulowem a furen rana. Wannan ne kambiyum. Shi ke rarrabuwa yana haifar da sabon zailem ta ciki da sabon fulowem ta waje, da haka bishiya ke ƙara kauri shekara bayan shekara. Shi ne kuma asirin auren bishiya: in mai lambu zai haɗa reshen mangwaro ko lemo ko koko da wani gindi, dole kambiyum ɗin biyu su taɓa juna kafin su kama. Masara da kwakwar manja ba su da wannan layi, shi ya sa ba ka taɓa ganin manomi yana musu aure. Wani yaro da mahaifinsa ke da gonar koko ya ɗago kai daga madubin ya ce, “Malam, to shi ya sa in aka zagaye ɓawon bishiya da adda take mutuwa?” Na ce masa haka ne. Fulowem a cikin ɓawo yake, da an yanke shi abincin da ganye ya haɗa ba ya ƙara sauka ga saiwa. Ganyen zai daɗe da korensa tunda zailem na can ciki yana kai ruwa, amma saiwar tana mutuwa da yunwa. Wannan tambaya ta faranta mini rai ƙwarai, domin ban taɓa jin irinta ba a shekarun da nake zane a allo.

Akwatin yana da aibi, kuma ba ƙarami ba. Yankan ganyen ya yi kauri, dogayen ƙwayoyin da ke ƙarƙashin fatar sama sun hau kan juna har ba a bambance su. Wani gilashi an liƙa masa sunan kara alhali saiwa ce, ga zailem ɗinta a tsakiya da rassa huɗu ƙuru-ƙuru. Yaron da ke karatu shi kaɗai a gida zai ɗauki kuskuren ya haddace. Na mayar shagon, mai shagon ya ce ba a canza gilashi ɗaya. Sannan akwai ganyen fayin, bishiyar nan mai ganye kamar allura, wanda ko cikin tsirrai masu fure ba ya, babu rogo, babu gwaza, babu kuɓewa.

Wannan giɓin mu muka cike shi da sabuwar reza da ruwan aidin. Siririyar fatar albasa ta nuna ƙwayoyi a jere. Ɗigon ruwan rogo ya cika da ƙwayoyin sitaci da suka koma shuɗi mai duhu da aidin ya taɓa su. Mun shafa man farce mara launi a bayan ganye, ya bushe, muka ɗago shi da salatif, sai ga ƙofofin numfashi, kowace da ƙwayoyi biyu masu buɗe ta da rufe ta. Amma kontomire, wato ganyen gwaza, shi ne ya tayar da ajin tsaye. Mun murje ɗan guntun hannun ganyen a ɗigon ruwa, sai ga siraran tsinkaye masu tsini ta kowane gefe sun cika fili, wasu a ɗaure dami guda. Gishirin kalsiyam okzalet ne da tsiron ke tarawa don kare kansa, kuma suna da hannu a ƙaiƙayin da ke kama maƙogwaro in ganyen bai dahu ba. Wata yarinya ta roƙe ni ta kawo mahaifiyarta ta gani, Hajiya ta zo, ta duba, ta ce lallai iyayenmu da ke dagewa a bar shi ya nuna sosai sun san abin da suke yi.

Malamin da zai zauna tare da yara, ya saya, ba zai yi da-na-sani ba. Uban da zai saya wa ɗansa shi kaɗai, ya fara kai gilasan wa malamin yaron ya tantance sunayensu. Ku haɗa da gilasai marasa komai da murafunsu masu yawa, domin murafun nan da nan suke fashewa a hannun yara. Kuma danshin Kumasi yana sa fumfuna ta kama ruwan madubin, don haka a ajiye shi a roba mai murfi tare da ƙullin nan na shanye danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi.