Takardar tambayoyi ko gwajin aji biyu: wanne ya dace da bincikenki?

Malama, kin ce kina son gano ko bidiyon darasin lissafi da ake tura wa ɗalibai ta WhatsApp yana ƙara musu fahimta, a sakandarorin Tudun Wada da Kawo. Kina tambaya ko ki raba takardar tambayoyi ko ki yi gwaji.

Takardar tambayoyi ta fi sauƙi da araha. In ɗaliban sun kai 1,000, jadawalin Krejcie da Morgan na 1970, wanda masu bincike ke dubawa don sanin mutum nawa za su tambaya, ya nuna 278 sun ishe ki. Takardar za ta gaya miki wa ke da waya, wa ke aron ta mahaifiyarsa bayan isha'i, wa data ke yanke wa a tsakiyar darasi. Sai dai iyakarta ra'ayi. Yaro zai zaɓi "na yarda ƙwarai" cewa bidiyo ya taimake shi, ki miƙa masa alli ya tsaya gaban allo yana sosa ƙeya.

Gwaji kuwa akwai wahala, amma shi ke auna koyo. Ba shugaban makarantar da zai yarda ki hautsina masa azuzuwa don ki raba yara gida biyu ta hanyar ƙuri'a, saboda haka ki ɗauki aji biyu yadda suke. Ki yi musu jarrabawa ɗaya tun farko, aji ɗaya ya samu bidiyon, ɗayan ya ci gaba da darasin da ya saba, bayan kamar mako shida ki sake jarraba su. Wata dabarar ƙididdiga da ake kira ANCOVA za ta daidaita bambancin da azuzuwan biyu suka taho da shi tun farko.

A nan ake yawan tuntuɓe. Tun 1983 masanin ilimi Richard Clark ya yi gargaɗi cewa sau da yawa salon koyarwa ne ke kawo nasarar da ake jingina wa na'ura. Don haka malami ɗaya, maudu'i ɗaya, sa'o'i daidai. Ki kula da ɗokin sabon abu, wanda ke sanyi bayan makonnin farko. Sannan yaran unguwa ɗaya ne, 'yan SS2A za su tura wa 'yan SS2B bidiyon kafin gari ya waye, sai kin nemi dabarar toshe wannan ƙofar.

Tunda fahimta kike son aunawa, ni gwaji nake ba ki shawara, ki haɗa da gajeriyar takardar tambayoyi kan waya da data. Da zarar an gama jarrabawar ƙarshe, don Allah ki tura wa ɗaya ajin bidiyon duka, su ma WAEC na jiransu.