Tebur a baje koli ko zaman zane na mako-mako: da wanne za ki fara?

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce kina zana labarai ke kaɗai, lokaci da kuɗi kuma ba su da yawa, kina tambaya ko ki tattara abin da kike da shi ki kama tebur a taron baje kolin littattafan zane, ko kuwa ki nemi masu zane irinki ku riƙa zama a kai a kai. Ni dai a ganina ki fara da zaman, amma ga yadda na auna su.

Shi baje koli ba iri ɗaya ba ne. Akwai manya irin Comic-Con na San Diyego a Amurka, wanda aka fara a 1970 da 'yan ɗaruruwan mutane, yanzu kuma yana tara sama da mutum 130,000. Da yawa cikin wannan jama'a kamfanonin fim da taurarinsu suka je gani, sabuwar mai zane da ke zaune a can gefe da ɗan littafinta sai dai ta ga ana wucewa. Bikin Angulem na Faransa, wanda aka fara a 1974, ya fi ba wa littafin kansa daraja, amma can ma manyan kamfanonin ɗab'i ne suka fi cika ido. Sai kuma tarukan masu buga aikinsu da kansu, kamar Small Press Expo da aka fara a 1994 a jihar Maryland, da bikin TCAF na Toronto a Kanada da aka fara a 2003, wanda ya yi shekaru ana yin sa a babban ɗakin karatu na birnin, shiga kyauta. Idan za ki kama tebur, irin waɗannan za ki nema komai ƙanƙantarsu, domin wanda ya shigo ya san aikin da bai taɓa jin sunansa ba zai gani, kuma shi ya zo nema.

Babban abin da tebur ke ba ki shi ne baƙon mai karatu. Mutumin da bai san ki ba, ba ya jin kunyarki, zai ɗauki littafin ya buɗe. Ki sa ido ki ga a wane shafi ya yi murmushi, a wane shafi ya koma baya don bai gane wanda ke magana ba, a ina ya rufe ya ajiye. Ba zai ce miki komai ba, amma ya gama faɗa miki inda labarin ya yi sanyi. Abokan zama ba sa iya yi miki wannan, saboda sun riga sun ji labarin daga bakinki, su ke cike giɓin da ke cikin zanen ba tare da sun sani ba. A tebur ne kuma ake haɗuwa da editoci da masu shagunan littattafai, a yi musayar littafi da maƙwabcin tebur.

Sai dai yana da tsada, kuma sau ɗaya ne a shekara, in an yi sa'a sau biyu. Kafin ki biya ko sisi, ki haɗa kuɗin tebur da na mota da masauki da na bugu, ki raba da ribar kwafi ɗaya. Adadin da ya fito shi ne kwafin da sai kin sayar kafin uwar kuɗinki ta dawo. Sannan sai da ruwan ciki ake jan na rijiya: idan ba ki da labarin da ya kai ƙarshe, me za ki ɗora a teburin?

A nan ne zaman mako-mako ya yi wa baje koli fintinkau. Ciwon da ya fi kashe sababbin masu zane shi ne fara labari mai shafi ɗari biyu a tsaya a shafi na tara. Maganinsa wa'adi ne da idon mutane. Idan kin san ranar Asabar mutum biyar za su ce "ina shafin da kika yi alkawari?", za ki zana shi ko da hannun jarumin bai fito yadda kike so ba. A wajen zaman ne za ki ga yadda wata ke barin wurin magana tun kafin ta zana fuska, ki koyi wace takarda ce ba ta shan tawada, da yadda ake ninke falle ɗaya a tsaga tsakiyarsa ya zama ɗan littafi mai shafi takwas, a yi fotokofi a raba. Kuɗin da za ki kashe bai wuce na takarda da alƙalami ba.

Akwai wasannin da masu zane suka daɗe suna yi don su tilasta wa kansu gamawa. A 1990 Scott McCloud ya ƙalubalanci abokinsa Steve Bissette da ya zana shafi 24 cikin awa 24, daga 2004 kuma aka ware wa abin rana guda a shekara, masu zane na taruwa su yi shi tare. Akwai Inktober da Jake Parker ya fara a 2009, zane ɗaya na tawada kowace rana a watan Oktoba. Na biyun yana gyara hannu, amma na farkon ya fi miki amfani, don shi ne ke koya wa mutum kai labari ƙarshe. Akwai kuma zanen karɓa-karɓa, ki zana gida ɗaya, wato hoto ɗaya daga cikin jerin hotunan labarin, ki miƙa wa na kusa da ke ya ci gaba.

Ba zan ɓoye miki aibin zaman ba. Yana saurin rikiɗewa ya zama hira da yabon juna, kowa "kai, ya yi kyau", a tashi ba wanda ya ƙaru. Yakan kuma mutu ranar da mai shirya shi ya gaji. Wannan yana damuna ƙwarai, domin ƙwararrun hannaye na ɓacewa ta haka. Ku tsayar da rana ɗaya da wuri ɗaya, ku riƙa karɓa-karɓar shugabanci, awar farko a yi zane shiru, sannan duk wanda zai yi magana a kan aikin wani ya nuna wuri ɗaya da bai gane ba.

Kada ki raina mutum biyar. Comiket na Tokiyo, kasuwar masu buga aikinsu da kansu, ta fara ne a Disamba 1975 da ƙananan ƙungiyoyi 32 da mahalarta kusan 700. A Disamba 2019 an ƙirga shigar mutum 750,000 cikin kwana huɗu. Ƙananan ƙungiyoyin ne suka haifi kasuwar.

Saboda haka ki nemi mutum uku ko huɗu ku fara zama a wannan watan. Kowa ya gama labari mai shafi takwas, ku haɗa su a littafi ɗaya, ku raba kuɗin bugu. Idan ƙaramin baje koli ya zo, ki fara zuwa a matsayin mai kallo, ki ga yadda ake jera kaya da irin bangon da ke tsayar da mutane. A na gaba sai ku kama tebur ɗaya ku duka, ku riƙa canjin zama, kowa ya samu damar zagayawa ya gaisa da sauran masu zane.