Wasiƙa daga Ingila kan maganin karkarwar Kawu

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya gida, ya jikin Kawu? Allah ya ƙara sauƙi. Na ji saƙonka cewa in sayo maganin ciwon karkarwar Kawu, wato cutar Parkinson, irin na Turawa in ba masu zuwa gida su taho da shi. Maganar ta fi ƙarfin saƙon murya, shi ya sa na zauna na rubuta.

A nan ba a sayen sa haka kawai. A gida sai ka shiga kemis ka faɗi suna a miƙo maka, amma nan ko da buhun kuɗi ka zo, in babu takardar likita mai ɗauke da sunan majinyaci, ba mai sauraronka. Sannan abin da na gani a gidan kula da tsofaffi inda nake aiki shi ne, ƙwayar da ake ba Bature ita ce dai wadda likita ya rubuta wa Kawu: levodopa haɗe da carbidopa, wadda aka fi sani da Sinemet, ko 'yar'uwarta Madopar. Tun 1967 da wani likita a Amurka, George Cotzias, ya nuna yadda za a riƙa ba da ita ta yi aiki, har yau ba a samu wadda ta fi ta ba. Abin da suka fi mu da shi a nan agogo ne, wato ba da magani a kan lokaci, da mutanen da ke bin sawun maganin.

Dalilin agogon yana cikin yadda ciwon yake. Can ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wasu ƙwayoyin halitta da ke samar da sinadarin dopamin, wanda ke ba jiki damar fara motsi cikin sauƙi. A cutar Parkinson waɗannan ƙwayoyi suna mutuwa a hankali, kuma kafin hannu ya fara rawa an riga an rasa kaso mai yawa daga cikinsu. In aka sha dopamin kai tsaye ba ya iya tsallakawa daga jini zuwa ƙwaƙwalwa. Levodopa tana tsallakawa, sai a can ciki ta rikiɗe ta zama dopamin. Aikin carbidopa shi ne hana ta rikiɗewa tun a hanya, wanda shi ke jawo tashin zuciya.

Likitoci sun auna wutar da ke gudana a wannan sashe ta wayoyin da ake dasa wa wasu majinyata a ka. Ka tuna makarantar allo: kowane yaro yana karanta nasa allon, hayaniya ce amma kowa na ci gaba da darasinsa. Lafiyayyar ƙwaƙwalwa haka take. In dopamin ya yi ƙaranci sai ƙwayoyin ƙwaƙwalwar su haɗa baki a kan sauti ɗaya, suna bugawa tare sau 13 zuwa 30 a daƙiƙa, har umarnin "tashi" ko "ɗaga ƙafa" ya rasa hanyar wucewa. Da magani ya shiga sai wannan bugun ya lafa, kuma gwargwadon lafawarsa gwargwadon sakin jiki da saurin motsi. Hoton ƙwaƙwalwa ma ya nuna cewa sadarwar da ta yi sanyi tsakanin wannan cibiya da sashen da ke ba da umarnin motsi tana farfaɗowa, ko da ba ta koma yadda take a da ba. Rawar hannu kuwa ba kullum take bin magani ba. Don haka kada ku ce ƙwayar ba ta aiki saboda hannun Kawu bai daina rawa ba. Ku duba ko yana tashi daga tabarma da kansa, ko yana sa maɓallin riga, ko muryarsa ta fito.

Matsalar ita ce levodopa ba ta daɗewa a jini, cikin kamar awa ɗaya da rabi rabinta ya tafi. A farkon ciwo sauran ƙwayoyin da ke raye suna ajiye dopamin su riƙa saki kaɗan-kaɗan, sai mutum ya sha sau uku a rana ya wuni lafiya. In shekaru suka ja, ma'ajiyar ta ƙare, jiki sai ya koma bin abin da ke jini kawai. Na ga dattijon da ke shan shayi yana ba mu labari, aka yi jinkirin ƙwayarsa, ya ƙame a bakin ƙofa ƙafa ta ƙi ɗaguwa. Shi ya sa ƙa'ida a nan ita ce a ba da maganin cikin minti 30 na lokacin da aka rubuta, kuma lokacin majinyacin ake bi, ba lokacin zagayen nas ba. Ba kullum asibitocinsu ke cika wannan ƙa'ida ba, har ƙungiyar Parkinson's UK ta daɗe tana kamfe a kan haka, amma dai kowa ya san jinkirin laifi ne.

Abin da na fi yi mana sha'awa shi ne nas ta musamman mai kula da wannan ciwo kaɗai. Ana iya kiranta a waya a ce ƙwayar rana ta daina kai wa la'asar, ita kuma ta matso da lokaci ko ta yi magana da likita. Akwai masu koyar da tafiya da motsa jiki, akwai masu gyaran murya da haɗiya. Kuɗin magani kuma, wanda ya kai shekara 60 ba ya biyan ko kwabo, na ƙasa da haka yana biyan fam 9.90 kan kowane magani. Kemis ma yakan jera wa wasu tsofaffi ƙwayoyinsu a faranti mai gida-gida, kowane gida da ranarsa da lokacinsa. Sai dai kada ka ɗauka aljanna ce. Ganin likitan jijiyoyi karon farko yakan ɗauki watanni, kuma in ka je, abin da zai yi shi ne ya sa ka yi tafiya, ya sa ka haɗa yatsu da sauri, ya murɗa hannunka ya ji taurinsa. Na'urar hoto sai in yana shakka. Likitan jijiyoyi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko na Shika haka shi ma zai yi.

Akwai manyan kayan aiki, ba na musu. Ana dasa waya a ƙwaƙwalwa mai aika wuta, dabarar da aka fara a Grenoble ta Faransa a 1987, kuma a 2024 aka fara ba wasu ƙaramin famfo mai tura wani nau'in levodopa ta ƙarƙashin fata dare da rana. Waɗannan na wanda ciwonsa ya yi nisa ne, kuma a duk tsofaffin da nake kula da su ƙwaya ce abin dogaro.

Wani abu da ake faɗa wa iyali a nan tun ranar farko, ban ji an faɗa muku ba. Akwai magunguna masu kwaikwayon dopamin, irin su pramipexole da ropinirole. Ciwon ya fi cin sashen motsi, sashen sha'awa da jin daɗi kuwa da sauran ƙarfinsa, to magani ba ya zaɓe, sai ya cika wa wannan sashen fiye da kima. Mutumin kirki sai ya faɗa caca, ko sayen kaya ba dalili, ko yawan neman iyali. In kun ga halin Kawu ya canja, kada a fara da zancen sammu ko ruɗewar tsufa, a kai wa likita. Haka nan Artane, wanda samari suka ɓata wa suna da Exol: yana da araha, yana rage rawar hannu, amma a nan da wuya su ba tsoho saboda yana ruɗa shi ya hana shi bawali. Maganin amai irin su Maxolon da Stemetil kuma suna toshe dopamin, kada a ba shi.

Ka ce wani ya ba ku shawarar a jinkirta levodopa wai tana ƙarewa, ko tana jawo murɗe-murɗen jiki. An bincika wannan a Ghana, inda mutane kan yi shekaru da ciwon kafin su samu magani, aka kwatanta su da 'yan Italiya, aka wallafa a 2014. An ga cewa tsawon ciwon da yawan abin da ake sha ne ke kawo murɗewar, ba fara sha da wuri ba. Jinkiri wahala ce kawai. 'Ya'yan karara ma suna ɗauke da levodopa, kuma masu bincike sun gwada su, amma ƙarfinsu ba ɗaya ba ne daga tsiro zuwa tsiro, don haka kada a daka a ba shi bisa ƙiyasi.

Inda muka fi su kuwa, mutane. A nan tsoho yana da maganinsa a kan lokaci amma sai ya yi mako ba wanda ya leƙo shi. Kawu yana da jikoki cike da gida. Ku ɗora wa mutum ɗaya aikin, ya sa ƙararrawa a wayarsa. A ba shi ƙwayar da ruwa kamar rabin awa kafin abinci, domin nama da wake da nono suna gogayya da ita wajen shiga jini. Ƙosai da fura su biyo baya. Kada a bari ta yanke, yankewa farat ɗaya tana da haɗari, don haka ku riƙa sayen na wata mai zuwa tun wannan bai ƙare ba, kuɗin ina kansa. Batun azumi kuma ku tambayi likita da malam tun kafin wata ya kama.

Ka samu ƙaramin littafi a riƙa rubuta lokacin da ya sha, da lokacin da jiki ya saki, da lokacin da ya sake ɗaurewa. Ku tafi da shi asibiti, ni ma ka ɗauko hotonsa ka turo min tare da hoton kwalin maganin.

A gaida Inna da yara duka. Ka ce wa Kawu ina yi masa addu'a.

Ƙanwarka.